Daga ƙarfe uku zuwa shida: ina yaranku za su kasance a Amurka?

'Yan uwana da ke shirin tasowa daga Gombe da iyali, da waɗanda suka sauka kwanan nan, za a cika ku da bayanin haya da sanyi da lasisin mota. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne makaranta tana tashi wajen ƙarfe uku, iyaye kuma ba sa barin wurin aiki sai biyar ko shida.

A Tudun Wada ko Jekadafari wannan ba abin damuwa ba ne. Yaro ya dawo daga boko, ya ci abinci, ana sallar la'asar ya ɗauki jaka ya wuce Islamiyya. In ya ratse hanya, mai shagon bakin layi ya gan shi, kafin magariba labari ya riga shi isa gida. A nan Islamiyya sai Asabar da Lahadi, maƙwabci kuma ko sunan ɗanku bai sani ba. Sai ku ga ɗan shekara 12 da makulli rataye a wuya, ya buɗe ƙofa da kansa, ya zauna shi da waya har dare. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan makarantar tsakiya, wato aji 6 zuwa 8, masu shekara 11 zuwa 14, daidai da aji shida na firamare zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare a wajenmu. Sun wuce a kai su gidan raino, amma hankalinsu bai kai a bar su su kaɗai ba.

Gwamnati tana ware kuɗi domin waɗannan sa'o'i. Gwamnatin tarayya tana da shirin kula da yara bayan tashi daga makaranta mai suna 21st Century Community Learning Centers, wanda a 'yan shekarun nan ake sa masa kusan dala biliyan 1.3 a shekara. Kuɗin ba sa zuwa hannun iyaye. Ana tura su ga jihohi, jihohi su raba wa makarantu da ƙungiyoyin da suka nema, ana fifita unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. Ana ba da tallafin ne na shekara uku zuwa biyar, don haka shirin da kuka tarar bana ba lalle ne ya ɗore ba. Ko a Yulin 2025 sai da aka riƙe kuɗin na 'yan makonni kafin a sake su.

Bambanci na gaske yana wajen jihohi. Kalifoniya tana da shirin ASES, wanda ya samo asali daga ƙuri'ar da jama'ar jihar suka kaɗa a 2002 kan ƙudiri mai lamba 49, wanda Arnold Schwarzenegger ya tsaya wa tun kafin ya zama gwamna. Yana ɗaukar yara har aji 9, ana farawa da an tashi daga makaranta, ba a rufewa kafin ƙarfe shida, wasu makarantun ma suna da na safe ga iyayen da ke sammakon aiki. A 2021 jihar ta ƙara wani shirin, ELO-P, sai dai shi a aji 6 ya tsaya. Ku lura da wannan sosai: yaro na iya samun gurbi bana, baɗi ya shiga aji 7 a ce sai ya sake nema ta wata ƙofar. A birnin Niyok kuwa, inda Hausawan Gana da Nijar suka daɗe a Bronks, akwai SONYC da aka buɗe a 2014 zamanin magajin gari Bill de Blasio, kyauta, domin 'yan aji 6 zuwa 8. Wasu jihohin ba su da wani asusu nasu na a zo a gani, sai dogaro da na tarayya da ƙungiyoyi irin YMCA da Boys & Girls Clubs, waɗanda sukan rage kuɗi gwargwadon samun gida.

Na san halinmu na Gombawa, akwai kunya da gudun a ce mutum ya je ƙasar wasu yana roƙo. Wallahi wannan ba bara ba ce. Daga harajin da ake yanka a albashinku ake biya. Kuma tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun zama. Iyayen da Turanci bai zauna musu ba suna da haƙƙin makaranta ta nemo musu tafinta, kada ku sa ɗanku ya zama shi ne mai fassara maganar da ta shafe shi.

Me ake yi a cikin waɗannan shirye-shiryen? Ana fara ba su abin taɓawa, sannan a zaunar da su aikin gida da mai taimaka musu, daga nan ƙwallo, ko kwamfuta, ko zane, ko muhawara. Ga yaron da ya zo da Turancin littafi, yana jin nauyin buɗe baki a aji, nan ne harshensa ke sakewa.

Ranar da kuka je yi wa yaro rajista, a ranar za ku tambayi ofishin makaranta ko suna da shirin bayan tashi, waye ke kula da shi, kuma yaushe ake cike takarda. Gurabe sukan cika tun kafin a dawo daga hutun bazara. In an ce ya cika, ku sa sunansa a layin jira, ku riƙa leƙawa. Takardar neman abincin makaranta kyauta ko a rahusa, in an ba ku, ku cike ta, domin a wurare da dama da ita ake duba wanda za a yafe wa kuɗi. Ku tambayi mota ma, don ba kowace makaranta ke da bas ɗin yamma ba.

Sai maganar salla, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Niyok wajen huɗu da rabi, ke nan la'asar da magariba duk a can za su riski yaro. Ku je da kanku ku ga shugaban shirin, ku nemi a ba shi minti biyar da ɗan lungu mai tsabta, ku sa masa ƙaramar darduma a jaka. Ku rubuta a takarda cewa ba ya cin naman alade. In kuna so ku riƙa ɗaukarsa da wuri a watan azumi, ku sanar tun farko a rubuce, domin ana lissafin zuwan yara kullum, kuma mai yawan fashi ba tare da sanarwa ba yana iya rasa gurbinsa.