Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙwari da Gizo-gizo da Waya Har a Gano Sunansu

Hoton farko da na ɗora a intanet don masana su faɗa mini sunan abin da na ɗauka, sai da ya yi wata uku ba wanda ya tanka. Da aka tashi amsawa, wani ya ce ƙuda ne dai, iyakar abin da za a iya faɗi ke nan. Na ji haushi, don hoton ya yi kyau: jajayen idanu sun fito raɗau, furen da ke baya ya narke kamar an shafe shi da yatsa. Abin da ban sani ba, mai tantance ƙuda jijiyoyin fiffike yake dubawa da gashin gadon baya, ni kuwa fuska kaɗai na ba shi. Tun ranar na san hoto iri biyu ne, akwai na kallo, akwai na shaida. Na shaidar za mu bi a nan.

Mataki na farko: san iyakar wayarka

Ba sai da babbar kyamara ba. Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunka ta isa a fara, muddin ka san inda idonta yake gazawa. Ɗauko takardar kuɗi, ka buɗe kyamara, ka riƙa matsowa a hankali har ƙananan rubutun su fara dishi-dishi, sannan ka ja baya kaɗan zuwa inda suka dawo tar. Wannan tazarar, wadda a yawancin wayoyi take kusan faɗin tafin hannu, ita ce iyakarka. Kuskuren sabon shiga shi ne cusa waya a jikin ƙwaro. Gara ka tsaya a iyakar, daga baya ka datse gefen hoton, ƙwaron ya cika fuska.

Wasu wayoyin suna da ƙaramar kyamarar makro, wato ta ɗaukar abu daga kusa-kusa, mai megafiksel 2. Gwada ta, amma kada ka sakankance da ita, sau da yawa babbar kyamarar ta fi ta fito da gashin ƙafa ko bayan an datse hoton. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne ɗan gilashin nan mai maƙali da ake ɗora wa idon waya, ana samunsa wajen masu kayan waya. Da shi za ka matso har santimita 2 ko 3. Haɗa da farar takarda, da tsinken ashana, da tocila. Ka kuma riƙa goge idon kyamara kafin ka fita, maiƙon yatsa da ƙurar hunturu sun sha ɓata mini aiki.

Mataki na biyu: lokaci da wuri

Yawancin ƙwari da zafin rana suke aiki. Mazarin da ba ka isa ka matso kusa da shi da azahar ba, idan ka fita bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, za ka same shi a kan tsinke, raɓa ta jiƙa shi, ko motsi ba ya yi. Daga wayewar gari zuwa hantsi, nan ne kasuwarka take ci. Damina kuma ta fi rani nesa ba kusa ba.

Idan ka rasa inda za ka fara, nemi tumfafiya. Tana nan a kowane kango da bakin hanya, kuma duk da nononta mai guba ne, akwai ƙwarin da suka mayar da ita gida. Juya ganyen ɗaya bayan ɗaya. Za ka iya tarar da wata tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya, da siraran ƙahonni shida, bibbiyu a wuri uku. Ita ce take zama malam-buɗe-littafin nan ruwan goro, mai baƙin bakin fiffike da fararen ɗige-ɗige, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Gubar da tsutsar ta ci tana bin ta har bayan ta yi fiffike, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinsa, shi ya sa kuma yake tashi a natse kamar mai bin bashi da ya san za a biya shi. Ba wanda ya fi shi daɗin koyon hannu. A kan toho za ka ga wasu mitsi-mitsin ƙwari rawaya a cunkushe suna tsotsar ruwan itacen, masu farautarsu na kewaye da su. Gindin tumfafiya ɗaya ya ishe ka aikin sati. Sai dai kada ka kai hannu ido bayan ka taɓa nonon, yana yi wa ido mummunar illa.

Da dare kuwa, shanya farin zani a igiya, ka kunna masa fitila, ka ba shi sa'a guda. Don gizo-gizo, ɗora tocila a gefen idonka ka haska ƙasa daga nesa kamar taku goma. Ƙyallin da za ka gani cikin ciyawa kamar raɓa, alhali ba raɓa, idanun gizo-gizo ne masu farauta a ƙasa. Bi ƙyallin, za ka same shi a zaune.

Mataki na uku: matsowa

Kada inuwarka ta faɗa kan ƙwaron, da ita yake gane an zo. Ka durƙusa tun daga nesa, ka miƙa wayar a hankali, kai tsaye, ba ta gefe ba. Ɗauki hoto ɗaya tun kana nesa, ka matso ka ƙara, ka sake matsowa ka ƙara. Idan ya tashi, kana da na tsira. Mazari in ya tashi kada ka bi shi, yakan koma tsinken da ya bari. Zauna ka jira.

Mataki na huɗu: saiti da haske

A irin wannan kusancin, abin da ke fitowa tar ba ya wuce kaurin tsinke, duk abin da ke gabansa ko bayansa dishi-dishi ne. Wayar kuma takan rikice ta kama ganyen baya ta bar ƙwaron. Maganinta, ɗora yatsa a kan ƙwaron a fuskar wayar ka danne har saitin ya kulle. Daga nan kai ne za ka riƙa motsi, gaba kaɗan, baya kaɗan, kana kallon ido; da ya fito, ka danna. Tokare gwiwar hannu a cinya ko a ƙasa. Idan iska na kaɗa reshen, kama shi da hagu, ka jingina wayar a kan wannan hannun, sai su riƙa motsi tare. Kada ka ji ƙyashin ɗauka. Cikin ashirin in ka sami biyu masu kyau, ka yi kasuwa.

Ga dabarar da ta fi kowace sauya mini hotuna: daidaita bayan wayar da tsawon jikin ƙwaron, su zama kamar tafin hannu biyu da ke fuskantar juna. Haka kai da ciki da ƙafafu za su faɗo cikin siririn wurin nan da ke fitowa tar. Idan ka karkata, kai zai fito, gindi ya ɓace.

Rana tsaka ba ta yi wa ƙwaro mai sheƙi adalci, bayansa ya yi fari fat, ƙasansa ya yi baƙi ƙirin. Tare ranar da farar takarda, hasken ya ratso ta cikinta. Filashar waya ma haka, ba ta da amfani a kusa. Da dare gara wani ya riƙe maka tocila daga gefe, an rufe bakinta da farar leda.

Mataki na biyar: ɗauki abin da mai tantancewa yake nema

Nan ne na faɗi a karon farko. Ƙa'idar ita ce hoto uku: daga sama, daga gefe, da fuska. Bayan su, kowane gida da inda shaidarsa take.

Gizo-gizo, jerin idanunsa ne katin shaidarsa. Mai tsallen nan da ke yawo a bango da rana, wanda kan juyo ya ƙura maka ido, wani lokaci ma ya diro kan wayar, yana da manyan idanu biyu a gaba kamar fitilun mota. Mai farautar ƙasa kuwa ƙanana huɗu ne a jere a ƙasa, manya biyu a samansu, wasu biyu can baya. Idan mai saƙa ne, ɗauki yanar gaba ɗayanta, da jakar ƙwai in akwai.

Malam-buɗe-littafi ana son saman fiffike da ƙasansa, don zanensu ba ɗaya ba ne. Ƙuda da zuma da rina, fiffike a shimfiɗe, jijiyoyi su fito. Sauro kuwa daga gefe: mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro yakan kifa kai ya ɗaga gindi sama idan ya sauka a bango, na gama-gari jikinsa a kwance yake daidai da bangon.

Manomi ma yana da rabo a nan. Tsutsar nan mai cin masara, Spodoptera frugiperda, asalinta nahiyar Amurka, a 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, Najeriya na cikin ƙasashen farko. Shaidarta biyu: wani farin zane a goshi mai kama da harafin Y a kife, da baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i a kusa da ƙarshen jikinta. Wanda ya tura wa malamin gona hoton kai da na gindi ya gama magana. Wanda ya tura hoton ganye mai huji da wani abu dishi-dishi a tsakiya, sai dai a yi masa canki-canka, ya sayi maganin da ba shi ba.

In ƙwaron zai tsaya, ajiye tsinken ashana a gefensa ka ƙara hoto ɗaya. A hoto kiyashi da gwano duk girmansu ɗaya.

Mataki na shida: rubuta

Rana, wuri, tsiron da ka same shi a kai, da abin da yake yi. Kunna wa kyamara alamar wuri, ta riƙa ajiyewa da kanta. Idan akwai dattijo a kusa, tambaye shi sunan abin da Hausa. Buzuzu, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro, gyare, maƙesu, babe, yara da yawa a birni sun mayar da su duka "ƙwaro", sunayen kuma suna sauyawa daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram.

Mataki na bakwai: tantancewa

Fara da kanka kafin ka tambayi na'ura. Ƙirga ƙafa. Shida, da jiki kashi uku, da ƙahonni biyu a ka: ƙwaro ne na ainihi. Takwas, jiki kashi biyu, babu ƙahonni: gizo-gizo ne, shi da kunama da kaska 'yan gida ɗaya ne. Sai fiffike. Ƙuda biyu gare shi, zuma da rina huɗu. Akwai ƙudan da ke sa rigar zuma, rawaya da baƙi, don a ji tsoronsa. Dubi manyan idanunsa da gajerun ƙahonninsa, asirinsa ya tonu.

Daga nan sai iNaturalist, manhajar tantance halittu, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Kyauta ce. Ɗora hotunan ƙwaro ɗaya a shigarwa ɗaya, da rana da wuri. Manhajar za ta kawo hasashenta, sannan mutane su duba. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka haɗu a kan suna, shigarwar ta kai matsayin da masu bincike ke amfani da ita. In a gidanka ka ɗauka, akwai zaɓin ɓoye ainihin wurin.

Hasashen na'ura, nata ne ko na Google Lens, kada ka haɗiye shi ba tauna. Da hotunan da aka fi ɗorawa ta koyi aiki, na yankinmu kuwa ba su kai na Turai da Amurka yawa ba, sai ta laƙaba wa ƙwaron Gusau sunan ɗan'uwansa na ƙetare. Ko malam-buɗe-littafin tumfafiyar nan yana da mai kwaikwayonsa: macen wani malam-buɗe-littafin, Hypolimnas misippus, ba ta da guba, amma ta ari kamanninsa har tsuntsu ya kasa rabewa, balle waya. Idan ba ka da tabbas, tsaya a babban gida, ka rubuta gizo-gizo ko ƙwaro kawai, masana su gangaro da shi. An san ƙwari kusan nau'i miliyan ɗaya, gizo-gizo sun haura 50,000, da yawansu kuma ba a rabe su sai an sa al'aurarsu a madubin likita. Wanda ya tsaya a sunan dangi bai gaza ba.

Mataki na ƙarshe: hannunka

Kada ka cusa yatsa inda idonka bai gani ba. Idan ka ga jakar ƙwai mai tsini-tsini kamar ƙarangiya a ƙarƙashin kujera ko bakin taga, uwar na kusa, gizo-gizo ce ruwan ƙasa, da tabo ruwan lemo a ƙasan cikinta, kuma tana da dafi. Ɗauki hotonta daga iyakar wayarka, kada ka taɓa ta. Akwai kuma wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke zuwa fitila da damina. Ba ya cizo, amma in ka murtsuke shi a jiki, ruwansa zai tasar maka ƙuna kamar ta wuta, irin wadda akan wayi gari da ita a wuya a ɗora wa tautau laifi. Hure shi kawai, in ya fashe ka wanke wurin da sabulu nan take. Kunama kuwa, fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana sa ta ƙyalli kore a cikin duhu. Haska tsakar gida da ita kafin ka durƙusa, kuma da takalmi a ƙafarka.