Yadda Ake Sanya wa Tsohuwar Mota Famfon Ruwa na Lantarki

Duk mai tsohuwar Peugeot 504 ko Mercedes-Benz W123 a Kumasi ya san fargabar da ke kama mutum idan cunkoso ya ritsa da shi a Kejetia da tsakar rana, idonsa na kan allurar zafi tana hawa sannu a hankali. Famfon da motar ta zo da shi fanbel ne ke juya shi, saboda haka ƙarfinsa yana bin gudun inji, kuma da zarar mota ta tsaya sai ruwan ya koma rarrafe, a daidai lokacin da babu iskar da ke ratsa lagireto. Famfon lantarki kuwa daga batir yake cin wuta, ba ruwansa da gudun inji, har ma yana iya ci gaba da zagaya ruwa na 'yan mintuna bayan an kashe mota.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ka fara da lagireto. Ƙurar hunturu tana toshe shi ta waje, tsatsa da ruwan rijiya suna toshe shi ta ciki, kuma babu famfon da zai sanyaya injin da lagiretonsa ya toshe. Ka sa a wanke shi, a duba murfinsa da tiyoyinsa. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

Idan zafin bai daina ba, sai a zaɓi famfo daidai girman inji. Kamfanin Davies Craig na Ostareliya yana da EWP80 mai tura lita 80 a minti ɗaya, wanda ya ishi injin lita 2, da kuma EWP115 ga injin silinda 6. A ɗaura shi a tiyon ƙasa na lagireto, can ƙasa yadda ruwa zai gangaro masa da kansa, domin ba ya iya zuƙo ruwa, kuma idan ya juya a bushe lalacewa yake yi.

Tsohon famfon kuwa, shawarata ita ce a cire farfelar cikinsa a bar jikinsa da fulinsa, saboda fanbel ɗin da ke juya altaneta, mai cajin batir, ta kansa yake bi. Idan za a haɗa da na'urar da ke daidaita gudun famfo gwargwadon zafin ruwa, sai a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, don na'urar za ta yi aikinsa. In aka cire tamostat alhali babu na'urar, inji zai daɗe bai ɗumama ba da safe, ya riƙa shan mai fiye da kima.

Aikin waya shi ne inda nake roƙon a nutsu ƙwarai. Famfon yana cin wuta har kusan amfiya 10, in akwai fankar lantarki ita ma ta ci tata, alhali altanetar waɗancan shekarun ba a yi ta don wannan nauyi ba. Ka nemi gwanin wayar mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya auna ta, ya ja waya mai kauri daga batir ta bi ta fiyus da rile (makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi), ba wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da tef ba. Ya kuma sanya fitilar gargaɗi a gaban direba, domin famfon lantarki shiru yake mutuwa, kuma a kan hanyar Accra minti kaɗan ya isa gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Daga ƙarshe a cika lagireto da ruwan sanyaya inji, a kunna famfon murfi a buɗe har kumfa ta daina fitowa, sannan a bar motar tana aiki a tsaye kamar rabin awa. Idan allura ta zauna wuri ɗaya kuma ƙasan motar a bushe yake, a gwada ta cikin gari kwana biyu kafin a ɗauki doguwar hanya.