Yadda ake gano matsalar katin sadarwa idan kwamfuta ta ƙi hawa intanet

A shagunan buga takardu na Aboabo da Asawase a Kumasi, da zarar kwamfuta ta ƙi hawa intanet sai a ce katin sadarwarta, wato sashen da ke haɗa ta da intanet, ya ƙone, alhali sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau. Kafin ka ɗauke ta zuwa Adum wajen mai gyara, ka fara bincike daga waje, domin a nan laifin ya fi ɓuya.

Ka leƙa bayan kwamfutar, inda wayar intanet take shiga, ka ga ko 'yar fitilar da ke bakin ramin tana haske. Idan a mace take, ka sauya wayar, ko ka mai da ita wani rami a jikin rauta, wato na'urar da ke raba intanet. Ɗan harshen roban da ke riƙe kan wayar yakan karye, sai ta zauna sako-sako kamar ta shiga, ƙurar hunturu kuma takan toshe ramin.

Idan fitilar tana haske amma ba intanet, ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 169.254 tana nufin katin yana aiki, rautar ce ba ta ba shi adireshi ba, don haka ka kashe rautar na ɗan lokaci ka sake kunnawa, sa'an nan ka rubuta ipconfig /renew.

Inda ake bukatar natsuwa shi ne Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke cikin kwamfuta. A ƙarƙashin Network adapters ko Other devices, alamar ruwan ɗorawa a kan sunan katin tana nuna matsala, kuma Code 28 na nufin ba a saka masa direba ba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, abin da yakan faru bayan an sake ɗora Windows. Tun da kwamfutar ba ta da intanet, ka haɗa ta da wayar salularka ta USB, ka kunna USB tethering don wayar ta ba kwamfutar intanet, ka sauko da direban da datarka. Ka tabbatar da maƙerin katin a Hardware Ids, cikin bayanan katin a Device Manager: VEN_10EC na Realtek ne, VEN_8086 kuma na Intel. Ina ba da shawarar a ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar kaɗai, domin manhajojin da ke alkawarin gyara komai da dannawa ɗaya sukan shigo da ɓarna.

Idan sunan katin bai bayyana ba sam, ka shiga BIOS, shafin saiti da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka duba ko an kashe Onboard LAN, wato katin da ke jikin babban allonta. In a kunne yake, kuma matsalar ta fara ne bayan tsawa ko bayan wuta ta dawo da ƙarfi lokacin dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, to mai yiwuwa katin ya ƙone da gaske. Ko da haka ne, ba sai ka sauya babban allon kwamfutar ba: ƙaramin katin sadarwa na USB zai maye gurbinsa. Ka kuma saya wa kwamfutar da rautar na'urar kariya daga hauhawar wuta, ka riƙa zare wayar intanet idan hadari ya taso.