Yadda Za Ka Ceto Aikin Mai Binciken Asalin Dangi Daga Tsofaffin Faya-fayai

Tun daga 1984, lokacin da Cocin Mormon ta Amurka ta fitar da manhajar Personal Ancestral File, mutane da yawa sun shafe shekaru suna shigar da sunayen kakanninsu cikin kwamfutar gida. Idan irin wannan mai bincike ya rasu ya bar akwatin faya-fayan filofi, wato tsofaffin faya-fayan adana bayanan kwamfuta, babbar karramawar da za ka yi masa ita ce ceto aikinsa kafin su lalace.

Da farko, tura 'yar makullin da ke kusurwar faifai mai inci 3.5 har ramin ya buɗe, domin kada a goge wani abu bisa kuskure. Sannan ka nemi na'urar karanta filofi mai USB, ka kwafe komai zuwa wurare biyu. Fayilolin da sunansu ya ƙare da .ged, wato tsarin GEDCOM na musayar bayanan asalin dangi tsakanin manhajoji, su ne mafi daraja, domin manhajar Gramps ta kyauta tana buɗe su har gobe, alhali an daina kula da manhajar Personal Ancestral File tun 2013.

Kada ka zubar da takardunsa na hannu, domin sau da yawa a gefen shafi ya rubuta inda ya samo kowace ranar haihuwa.