In za ku gyara kicin da banɗaki a Jos, ku fara duba waɗannan

Yanzu abin da ake yayi shi ne buɗaɗɗen kicin, ba bango tsakaninsa da falo, ga tebur na giranit a tsakiya ga fitilu suna reto daga sama, kowa ya gani a Instagram sai ya turawa kafinta yace irin wannan nake so. To madalla, amma fa masu wancan kicin ɗin basa soya manja basa saka daddawa a miya, mu kam in aka soya kifi sau ɗaya labule da kushin sai sun kwana biyu suna bada labari. In fili ya isa ku yi guda biyu, na ado a ciki da ƙarami ta baya inda turmi da manyan tukwane zasu zauna. In bai isa ba ku sa ƙofar gilashi mai zugewa, sannan injin zuƙe hayaƙi dole bututunsa ya fita waje, ba wanda zai juya hayaƙin ya dawo muku da shi ba.

Kabet kuma nan ne ake cin kuɗin mutane. MDF, wato allon da ake matsawa daga garin katako, yana da kyau a ido amma ruwa na taɓa shi zai kumbura ya fara marmashi, musamman ƙarƙashin sinki, don haka in kun shiga kasuwar Katako ku nemi marine board, allon katako mai jure ruwa, ko da na wajen sinkin ne kaɗai, a ɗaga shi da ƙafafu kada ya zauna a ƙasa tunda mu wanke ƙasa muke da ruwa ba gogewa ba. Saman kuwa giranit ya fi mabul, mabul baya shiri da tsami, ruwan tsamiya ko lemun tsami in ya zauna sai ya bar tabo. Tsayin kabet wajen santimita 90 ne aka saba, amma a tambayi uwargida tukunna, ita zata tsaya a wurin tana tuƙa tuwo. Silindar gas a waje, soket da yawa.

Banɗaki, kowa dai ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu, hita ba kwalliya bace. Ku ce wa fulamba ya sa fayif na PPR, na roba mai jure zafi, a layin ruwan zafi, mai wayarin kuma ya haɗa wayar earth mai kare mutum daga jan wuta. Babbar shawar nan mai zubo ruwa daga sama tana son ƙarfin ruwa, in tankinku bai da tsayi sai dai ta riƙa ɗiga, sai an sa injin ƙara ƙarfin ruwa. Baƙaƙen kan famfo ana yayinsu sosai sai dai tabon ruwa baya ɓuya a jikinsu, ni dai farin ƙarfe na fi so.

Tayil na ƙasa kar ya zama mai santsi, mai sheƙin a bar shi a bango, akwai tsofaffi akwai yara. A duba masai kar ya fuskanci alƙibla ko ya bata baya, a sa famfo ƙasa ƙasa na cika buta da wurin zama na alwala. Kafin a ɗora tayil a shafa maganin hana yoyo, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana a gani, balle in bene ne. Ranar da mai tayil zai gama ku zuba bokiti ɗaya a gabansa, in ruwan ya tsaya a lungu bai gangara ba kar ku cika masa kuɗinsa sai ya gyara.