Inda masu zuba kuɗi a wutar sola suka fi yin tuntuɓe

Tun da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, duk mai ɗan jari a Yamai ya shiga lissafin sola. Ga tashar Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a wannan shekarar, ga ta Malbaza mai megawat 7 a jihar Tawa tun 2018. Abin da masu kwaikwayo ke mantawa shi ne, waɗannan tashoshi suna da mai saye tun kafin a kafa ƙarfen farko, wutarsu kai tsaye layin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, take shiga.

Kai fa, wa zai sayi taka? Da yawa sai sun gama shimfiɗa pano, wato faifan sola, suke wannan tambaya. Rana da tsakar rana take ba da ƙarfinta, alhali magidanta da dare suke son fitila da fanka. Don haka ka fara da masu aikin rana: mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, masu ban ruwan albasa irin na Galmi. Ka zauna da su, ku yanke farashi. Kuma ka sa mitar da ake biya kafin a sha, don bashin wuta tsakanin dangi da maƙwabta ba ya dawowa, sai dai ya ɓata zumunci.

Amma inda jari ya fi nutsewa shi ne batir. Pano yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, batir kuwa ba ya kai ko kusa. Na ruwa da na jel, in ana shanye fiye da rabin cajinsu kullum, ba sa daɗewa. A ƙara da ɗakin kwano marar taga a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ai an gama da su. Na litiyom yana da tsada, amma ya fi jure caji da saukewa. In jarinka bai kai ba, gara ka rage girman tashar da ka cika ɗaki da mai araha, don araha ba ta ado. Ko wanne ka saya, ka ware kuɗin canjinsa kowane wata kamar zubin adashi. Wanda ya ɗauki duk abin da ya shigo a matsayin riba, uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba.

Lambar ƙarfin wuta da ke bayan pano ma tana ruɗin mutane. A digiri 25 aka auna ta, kuma duk digiri ɗaya da gilashin ya ƙara zafi, ƙarfin yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ka bar rara a lissafi, ka ɗaga panon daga rufi iska ta ratsa ƙarƙashinsa, ya fuskanci kudu da ɗan karkata wajen digiri 15.

Ƙurar hunturu kuwa, maganinta ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba lokacin da gilashi ya yi zafi ba. Mai wankin albashi gare shi, ka sa shi cikin lissafi tun farko.

Saura takardu. Sola a gidanka daban, sayar wa jama'a wuta daban. Kafin ka ja waya ko ɗaya zuwa shagon wani, ka leƙa hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi, in ƙauye ne kuma ka bi ta ANPER, hukumar kai wuta karkara, ka tambaya ko layin NIGELEC na shirin isowa garin.