Yadda na daina asarar kuɗi a hanyar Katsina zuwa Maraɗi

Matsalata a wannan hanya canji ce. Motar tasha ta kan sauke mu a Magama, kusa da Jibiya, a tsallaka iyaka a kama wata motar zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. A nan wajen 'yan canji ke sayen naira da arha, tunda sun san matafiyi ba shi da zaɓi.

Yanzu tun daga Wapa a Kano nake canjin sefa, kuma ina roƙon ƙananan takardu, na jaka (sefa 1000) da na sefa ɗari biyar. Direba ba ya da canjin jaka goma da sassafe, in ka miƙa masa sai ka jira har a cika mota.

Sai lissafi. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya ce maka "ɗari biyu", sefa 1000 yake nufi. Kafin in zauna ina tambayar kuɗin mota da na kaya a sefa, a gaban sauran fasinjoji.

Katin rigakafin shawara da takardar shaida kuma suna aljihun riga, ba cikin jakar da aka ɗaure a saman mota ba.